Tankaɗe da Rairayar Kasuwa: Yadda Masana Tattalin Arziki Suka Ari Tunanin Ilimin Halittu

A ranar 13 ga Oktoban 2025 aka sanar da waɗanda suka ci lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki. Joel Mokyr ya ɗauki rabi, Philippe Aghion da Peter Howitt suka raba ɗaya rabin. Aikin da aka yaba wa Aghion da Howitt a kai shi ne bayanin yadda sabuwar dabara ke ture tsohuwa, da yadda wannan turereniyar ke zama silar bunƙasar arziki. Waɗanda suka ji labarin da dama ya ɗaure musu kai. Ta yaya mutuwar sana'a za ta zama ci gaba?

Manomin rani a Kadawa ko a fadamar Haɗeja ya san tambayar tun kafin a yi ta a Turai. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Injin ban-ruwa ya zama abin da ke cinye ribar gona. Wasu suka kai injinsu wurin bakanike aka juya shi ya koma shan gas, masu ɗan hali suka sayi farantan sola, wasu suka rage fili, wasu kuma suka jingine noman rani gaba ɗaya. Babu wanda ya tara su ya faɗa musu mafita. Kowa ya gwada abin da hannunsa ya kai, maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, abin da ya yi kyau aka kwaikwaya.

Akwai wata makaranta a cikin ilimin tattalin arziki da ke cewa haka kasuwa take tafiya a ko'ina kuma a kowane zamani, kuma hanyar fahimtarta ita ce a ari tunanin masana halittu game da yadda tsirrai da dabbobi ke sauyawa.

Abin da aka aro

Tunanin ya tsaya ne a kan ƙafa uku, kuma dukkansu suna nan a rumbun manomi.

Idan kaka ta yi, manomi ba ya ɗibar iri da ka. Yakan duba zangarniyar da ta fi cika, wadda ta nuna da wuri, ya ware ta ya ɗaure ya ajiye. Yana iya yin haka ne saboda zangarniyoyin ba ɗaya suke ba, akwai bambanci a tsakaninsu. Yana yin haka ne kuma saboda ya san abin da ya shuka zai ɗauko halin uwarsa, wato akwai gado. Zaɓen da ya yi shi ne ƙafa ta uku, tacewa. In aka maimaita wannan shekara da shekaru, geron garin yakan koma daidai da ƙasar garin da damunar garin.

Charles Darwin da wannan ya buɗe littafinsa na 1859: da aikin manoma da makiyaya, musamman masu kiwon tattabaru, waɗanda shi kansa ya shiga cikinsu. Hujjarsa ita ce a daji ma ana wannan tacewar, sai dai fari da yunwa da cuta da mafarauta ne ke yin aikin da hannun manomi ke yi.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe, domin sunan Darwin kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya ja baya. Muhawarar asalin ɗan Adam, wadda malamai ke da matsayinsu a kai, magana ce daban. Masana tattalin arziki ba ita suka ɗauko ba. Sun ɗauki salon bayanin ne kawai: duk inda aka sami abubuwa mabambanta, waɗanda ake gada ko ake kwaikwaya, ga kuma wani yanayi da ke barin wasu ya kawar da wasu, to za a ga sauyi ko da babu wanda ya tsara shi.

Kalmar da ta fi jawo ruɗani ita ce ta Herbert Spencer, wanda a 1864 ya taƙaita batun da cewa wanda ya fi dacewa shi ke wanzuwa. Mutane sukan ji ta kamar an ce mai ƙarfi shi ke rayuwa. Dacewa ake nufi, kuma dacewa da wani wuri a wani lokaci. A rairayin Maigatari da Gumel gero ya fi masara, a Doguwa da Tudun Wada masara ke da baki. Tambayar wanne ya fi a cikinsu ba ta da amsa sai an faɗi gonar.

Aron ya yi kai-da-kawo

Abin mamaki, masana halittu ne suka fara aro. A 1798 wani limamin coci Bature mai nazarin tattalin arziki, Thomas Malthus, ya rubuta cewa jama'a na ƙaruwa fiye da yadda abinci ke ƙaruwa, don haka dole a yi ta gwagwarmaya a kan ɗan abin da ke akwai. Darwin ya karanta shi a 1838, kuma da bakinsa ya faɗa cewa daga nan tunanin tacewa ya faɗo masa. Tun kafin su duka, a ƙarni na 14, Ibn Khaldun ya kwatanta daula da mutum, tana da ƙuruciya da ƙarfi da tsufa.

Alfred Marshall na Jami'ar Cambridge, wanda littafinsa na 1890 ya daɗe yana zama abin koyarwa a Ingila, ya kwatanta kamfanoni da itatuwan kurmi: ƙanana na fafutukar samun rana a ƙarƙashin inuwar manya, manya na tsufa suna faɗuwa. Har ya rubuta cewa Makkar masanin tattalin arziki tana cikin ilimin halittu, wato can ya kamata ya fuskanta. A 1898 Thorstein Veblen a Amurka ya fitar da maƙala yana tuhumar abokan aikinsa da ɗaukar mutum tamkar injin lissafin daɗi da wuya, alhali al'ada da sabo ne ke jan ragamarsa.

Duk da haka fannin bai bi wannan hanyar ba. Ya bi ta masu lissafi, inda ake ɗaukar kasuwa kamar sikeli: kaya a gefe guda, masu saye a ɗaya gefen, farashi na motsi har su daidaita. Wannan ya fi sauƙin rubutawa da alƙaluma, ya fi sauƙin koyarwa.

Joseph Schumpeter ne ya hana maganar mutuwa. A 1942 ya ce abin da ke motsa jari-hujja shi ne sabon kaya, sabuwar dabarar aiki, sabuwar kasuwa, waɗanda ke rushe tsohon gini daga ciki suna ɗora sabo. Wannan rushewa mai haifar da gini ita Aghion da Howitt suka mayar lissafi a 1992. Sai dai shi Schumpeter bai cika son a jingina maganarsa da Darwin ba, su kuma Aghion da Howitt da kayan aikin masu sikeli suka yi nasu ginin. Mokyr, wanda masanin tarihi ne, shi ya fi yin amfani da kwatancen halittu kai tsaye wajen bayanin yadda fasaha ke yaɗuwa.

Mutum na lissafi ne ko yana bin sabo?

Nan ne asalin saɓanin yake. Masu sikeli sukan fara da cewa ɗan kasuwa ya san zaɓin da ke gabansa, yana auna su, yana ɗaukar wanda ya fi riba. A 1950 Armen Alchian ya ce ba sai an ɗauka haka ba. Ya ba da misalin dubban matafiya da suka bar birnin Chicago a mota, kowa ya kama hanya da ka, alhali hanya ɗaya ce kawai ke da gidajen mai. Waɗanda suka dace da ita su za su isa. Mai kallo daga baya zai ce masu hangen nesa ne, nan kuwa sa'a ce ta raba su da waɗanda suka maƙale. Haka kasuwa take, in ji shi: tana barin wanda ya ci riba, ba ta tambayarsa ko da gangan ya yi.

Milton Friedman ya karɓi wannan hujjar a 1953 ya juya ta ta zama kariya ga masu sikeli. Tunda kasuwa na kawar da wanda bai iya ba, in ji shi, waɗanda suka rage za su kasance tamkar masu cikakken lissafi, don haka babu laifi a ɗauke su a haka. Amsar da ɗaya ɓangaren ya bayar ita ce rariya ba ta fitar da abin da ba a zuba mata ba. In duk masu gyaran shinkafa a gari da dabara ɗaya suke aiki, kasuwa ba ta da wata mafi kyau da za ta zaɓa. Kuma kafin tacewar ta kammala, yanayin ya sake.

Richard Nelson da Sidney Winter su suka tattara wannan ra'ayin a littafinsu na 1982, wanda ake ɗauka a matsayin tushen makarantar a yau. Sun ce abin da ke matsayin ƙwayar gado a sana'a shi ne yadda aka saba yin aiki: yadda ake turara shinkafa a Kura, yadda dillali ke ƙulla ciniki a karar Wudil, yadda maƙeri ke koya wa ɗansa bugun garma. Yawancin wannan ilimin ba a rubuce yake ba, a hannu yake, shi ya sa kwaikwayonsa ke da wuya. Sun kuma ɗauki ra'ayin Herbert Simon, wanda ya ci Nobel a 1978, cewa mutum ba ya neman abin da ya fi kowanne, yakan tsaya a kan abin da ya ishe shi. Sai abin ya daina isarsa yake fita nema, kuma neman ma kusa da gida yake farawa. Wanda injinsa ya gagare shi mai, gas ya fara tunawa kafin sola.

Gyaɗar da ba a shirya mata ba

Tarihin ƙasar Kano na da misalin da ya fi na littafi. Lokacin da Turawa ke shimfiɗa layin dogo zuwa Kano, wanda ya iso a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, auduga ce a ransu. Masu masaƙun Lancashire da ke Ingila na neman inda za su rage dogaro da audugar Amurka, har sun kafa ƙungiya a 1902 don wannan aikin, kuma sun zuba ido a kan ƙasar Hausa.

Audugar ba ta tafi yadda suka so ba, domin masaƙan gida da marina na biyan farashin da ya fi na Bature. A daidai lokacin kuma masana'antun sabulu da man shafa wa burodi a Turai suna neman man gyaɗa. Manomi ya duba ya ga gyaɗa na yi a jigawa, ana iya haɗa ta da gero a gona ɗaya, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta ƙi kuma a ci ta a gida. Fataken goro, waɗanda ke da jari da yara a ƙauyuka, suka juya ga sayenta. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta cika tashar jirgi, daga baya dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano, sunan Alhassan Ɗantata ya haɗu da ita.

Yadda ta tafi ma darasi ne. Hukumar sayen amfanin gona ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta share gonaki, kuɗin man fetur ya janye hankalin gwamnati da ƙarfin matasa zuwa birni. Dala ta ɓace. A gurbinta wake ya ƙaru, daga baya riɗi da zoɓo suka zama abin fitarwa waje, musamman daga Jigawa, kasuwar Dawanau ta zama matattararsu. Ba manomin ne ya manta noma ba. Abin da ya dace da 1950 ne bai dace da 1980 ba.

Turbar da aka riga aka bi

Wani reshe na wannan tunanin na cewa abin da ya wanzu ba lallai ya zama mafi inganci ba, wani lokaci riga zuwa kawai ya yi. Paul David a 1985 ya kafa misali da jerin haruffan da ke kan allon kwamfuta da waya, wanda aka gada daga keken rubutu na ƙarni na 19, kowa ya koya a kai, yanzu sauya shi ya fi barinsa tsada. Wasu masana sun musanta cewa akwai wani jerin da ya fi shi ƙwarai, kuma har yau ana jayayyar. Amma ma'anar a fili take a kasuwar ƙauye, inda kwano da tiya ke mulki duk da cewa sikeli ya fi su tsayar da awo. Mai saye da mai sayarwa da dillali duk da kwano suka iya lissafi, wanda ya fara kawo kilo shi kaɗai zai tsaya.

Sabo irin wannan yakan karye ne in an sami girgiza. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya sa mai kayan miya da mai sayar da akuya karɓar tiransifa cikin makonni, abin da shekarun wayar da kai ba su yi ba.

Sukar da ake yi wa makarantar

Wata tsohuwar suka ita ce ta Edith Penrose a 1952: gero ba ya shawara, ɗan kasuwa kuwa yana yi. Yana da niyya, yana hasashe, yana iya sauya hali tsakar rana, yana ma iya zuwa wurin hukuma ya nemi a sauya dokar da ke tace shi. A halittu ɗa ba ya gadon abin da uba ya koya a rayuwarsa, a sana'a kuwa wannan shi ne gadon gaba ɗaya, kuma ana ɗaukarsa daga maƙwabci, daga rediyo, daga bidiyon waya. Nelson da Winter sun amince da haka, suka ce tsarinsu ya fi kusa da na Lamarck, masanin Faransa da ya riga Darwin, wanda ke ganin ɗa na iya gadon halin da uba ya samu a rayuwarsa. Masu suka suka ce to in an cire wannan an cire wancan, me ya rage na kwatancen in ba ado ba?

Akwai kuma zargin zagaye: wa ya dace? Wanda ya wanzu. Me ya sa ya wanzu? Ya dace. In ba a faɗi tun farko abin da ake sa ran zai yi nasara ba, bayanin ba ya ƙaryatuwa. Gaskiya ne kuma makarantar ta fi ƙwarewa a bayanin jiya fiye da hasashen gobe. In tambayar ita ce me zai sami farashin masara idan aka buɗe iyaka, lissafin masu sikeli ya fi saurin ba da amsa, kuma sau da yawa amsar na fitowa daidai.

Suka mafi nauyi ta siyasa ce. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi amfani da kalmar Spencer wajen halatta zaman kashin dankali: attajiri ya cancanta, talaka gazawarsa ce, mulkin mallaka dokar halitta ce. Masanan makarantar na yau sun nesanta kansu da wannan, kuma misalin Alchian kansa ya rushe shi, tunda ya nuna sa'a na iya yin kama da ƙwarewa. Ban da haka masana halittu sun daɗe suna nazarin yadda haɗin kai ke wanzuwa. Gayya, adashi, da amanar da ke sa a ba da shanu bashi daga Maigatari zuwa Kudu, duk ɗabi'u ne da suka tsallake tacewa saboda wanda ya ci amana sau ɗaya kasuwar ta rufe masa.

Ko a cikin gida ba su da murya ɗaya. Masu bin Friedrich Hayek, masanin tattalin arziki haifaffen Austria, na cewa tunda babu wanda ya san gobe, gwamnati ta janye hannu a bar mutane su gwada. Wasu na cewa saboda wannan dalilin ne ma ya kamata ta sa hannu wajen bincike da horo da rance, suna kafa hujja da Koriya ta Kudu, wadda a shekarun 1960 da 1970 ta tallafa wa kamfanoni bisa sharaɗin su sayar da kaya a waje, wanda ya kasa a janye masa.

Abin da hakan ke nufi a ƙauye

Idan kasuwa rariya ce, manufar gwamnati ita ce girman ramukanta. Shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a 2015 da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 sun sa noman shinkafa da injinan casa sun yawaita a Kano da Jigawa. A Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko, mai saye ya ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya koka. Mutum ɗaya ne da gona ɗaya, jiya gwani yau mai asara. Inda doka ke juyawa da sauri haka, wanda ke wanzuwa shi ne mai jarin jure faɗuwa ko mai jin labari da wuri, ba lallai wanda ya fi iya noma ba.

Rushewa da gini kuma ba dole su faru a gari ɗaya ba. Masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa sun durƙushe saboda rashin wuta da shigowar yadi mai araha, sabbin masaƙun da suka maye gurbinsu kuwa a China suke. Aghion yakan kafa misali da Denmark, inda korar ma'aikaci ke da sauƙi amma ana riƙe shi da tallafin kuɗi da horo yayin da yake neman wani aikin. A ƙauyen Kano da Jigawa wannan nauyin dangi ne da zakka da kuɗin ɗan ci-rani ke ɗauke da shi, kuma manomin da kuskure ɗaya zai kai shi ga jinginar da gona ba zai gwada sabon iri ba sai ya gani a gonar wani. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Shi ya sa wannan makarantar ke kallon bambanci a matsayin jari. An daɗe ana ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa, har binciken da aka yi a Samaru ta Zariya a shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa haɗin na rage haɗarin tashi hannu rabbana. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta shiga gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam, inda fili bayan fili tumatir ne zalla, ta cinye su cikin 'yan kwanaki. Wanda ya raba filinsa ya sa albasa ko alkama a gefe, shi ya sami abin biyan bashin taki a wannan ranin.